Salbiya da Ruwan Idon Akuya

Duk wanda ya taɓa tara hannu a bakin zakin dutsen nan mai zubo ruwa na kasuwar Belliyanum ya sha ruwa, to daga hannun Salbiya ya sha, ko ya sani ko bai sani ba. Je ka duba allon dutsen da aka manna a jikin gadar ruwa, sunayen manya za ka gani: wane ne ya ba da umarni, wane ne ya yanka rago. Nata ba ya ciki, kuma ba ta taɓa nema ba, tunda ko an rubuta ba iya karantawa za ta yi ba. Amma mutanen kan dutse sun san yadda aka yi.

Gajeriyar mace ce, mai faɗin kafaɗa, mai muryar da ke tsallake kwari ta taro awaki. Gidanta ne na ƙarshe a ƙauye, daf da Idon Akuya, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse da sanyin da ke sa haƙori tsami. A nan aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan ta binne mijinta Numeriyus, wanda ya faɗo daga kan itacen zaitun da ƙuruciyarsa. Abin alfaharinta guda ne, kuma ba ta gajiya da faɗinsa: ba ta taɓa kwanciya ciwo ba. In ka yi tari a gabanta sai ta dube ka sheƙeƙe, ta ce, "Ruwan wani gari ka sha?"

'Yarta ɗaya, Tartula. Ita kuwa ta je birni sayar da cuku, ta haɗu da wani mai gasa gurasa, Hilarus, mutum mai fara'a da gari a gira kullum, ta ce shi take so. Salbiya ba ta hana ba. Abu ɗaya ta tambaye shi ranar da ya zo gaisuwa: "Wane ruwa kuke sha?" Ya ce na rijiya. Ta dube shi sheƙeƙe.

Rijiyoyin Belliyanum a wancan zamani zartsi ne, ga masu jima da masu rini sun kewaye su. Manya sun saba, cikinsu ya yi kanta. Jarirai ne ba sa sabawa. Tartula ta haifi na fari, ana yaye shi gudawa ta ɗauke shi. Na biyu ma haka, da zafin bazara. Da ta haifi ta uku, mace, aka sa mata sunan kakarta, sai Salbiya ta sauko daga kan dutse da jakinta da tuluna biyu a mangala, ta dire su a tsakar gidan, ta ce, "Wannan na takwara ne ita kaɗai. Hilarus, in na ji ka ɗebi ko maƙurwa ɗaya ka kwaɓa gari, da kai zan gasa gurasar."

"Haba Inna, ko ɗanɗanawa?"

"Ko kallo da yawa ban yarda ba."

Tun daga ranar, duk ranar kasuwa tana hanya. Ta tashi da sassafe, ta isa rana ta karkata, ta kwana, ta juyo da tuluna wayam. Jakin kuwa Sanata take ce masa, wai don ba ya motsi sai ya gama shawara da kansa. Yarinya ta yi ɓul-ɓul, ta wuce yaye lafiya. Sai dai Salbiya ta san abin da kowa ya sani bai faɗa ba: furfura ta riga ta cika mata kai, kuma ranar da ƙafarta ta gaza, takwara za ta koma rijiya.

Ana cikin haka labari ya hauro dutse cewa manyan birni sun gaji da binne 'ya'ya, za su jawo ruwa daga nesa kamar yadda manyan birane ke yi. Idanun ruwa biyu ake dubawa: wani a kwari, kusa da birni, mai sauƙin jawowa amma ruwansa da nauyi a baki, sai kuma Idon Akuya. An ce mai awo na nan tafe ya gani da idonsa.

Kowa ya san yadda masu awo ke gwada ruwa. Kafin su dubi ruwan, mutanen da ke shansa suke fara duba. In sun ga ƙafafu lafiyayyu, idanu garau babu kwantsa, wuya babu maƙoƙo, to ruwan ya ci rabin gwaji. Sannan su yayyafa shi a tukunyar tagulla su ga ko zai bar tabo, sannan a dafa wake da shi. In waken ya nuna da wuri ya yi lugub, ruwan kirki ne.

Mai gari a lokacin Obiyus ne, ƙanin marigayi Numeriyus, don haka abokin wasan Salbiya ne tun tana amarya. Ya tara mutane a masussuka, ya ce musu in aka tafi da ruwan nan, da me za a shayar da albasa da kabeji? Da me awaki za su rayu? Maganarsa ba ƙarya ba ce, shi ya sa kowa ya gyaɗa kai. Sai ya fito da dabararsa: ranar da mai awo zai zo, samari majiya ƙarfi su haye tsauni da awaki, kada a gan su. Sauran kowa ya zama majinyaci. A murza albasa a ido, a yi tari, a yi ɗingishi.

Matsalar ita ce mutanen nan ba su san ciwo ba. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Mai gari, yaya ake ɗingishin?" Obiyus ya miƙe ya nuna musu, yana jan ƙafar hagu yana nishi, aka bi shi a baya ana koyo har ya ce ya yi.

Sannan ya juyo ga Salbiya. "Matar yaya, ke ce mai dafa wake, tukunyar tagulla ma taki ce kaɗai a garin. Ga wannan." Ya miƙa mata ƙunshin wani wake da ya shekara da shekaru a rumbunsa, wanda ko gara ta gwada ta haƙura. "Ko kwana ya yi a wuta ba zai nuna ba."

Ta juya ƙunshin a hannu. "Obiyus, ƙarya kake so in yi wa ruwan da ya raine ka?"

"Ba ƙarya ba ce, ɓoyo ne. In kina da 'ya kyakkyawa kuma sojoji suka shigo gari, ba toka kike shafa mata ba?"

"Ina da 'ya kam," in ji ta. Ta sa ƙunshin a hammata ta tafi. Obiyus ya ɗauka ya gama da ita.

Mai awon ya iso da hantsi a kan alfadari, da bayi biyu ɗauke da kaya. Natalis sunansa, siririn mutum mai ƙunar rana a hanci, wanda ya koyi sana'arsa a cikin soja. Ya tarar da ƙauye ya fito tarbarsa cikin wani hali na ban tausayi: idanu jajur, hawaye na zuba, warin albasa ya cika gari. Obiyus na gaba, ya naɗa ulu a ƙarƙashin riga a wuyansa a matsayin maƙoƙo. Natalis ya tsaya ya daɗe yana kallonsu suna tahowa.

"Mai gari, sannu da jiki."

"Yauwa, ranka ya daɗe. Haka muke fama. Ruwan nan ne, bai bar kowa ba."

"Na gani. Ruwa ne mai tsari kuwa. Ƙafar hagu kawai yake kamawa?"

Obiyus ya waiga. Mutum talatin da wani abu a bayansa, maza da mata, duk sun karkace gefe guda kamar alkamar da iska ta kwantar. Wani ya yi sauri ya sauya ƙafa, abin ya ƙara lalacewa.

Natalis ya danne dariya, amma ba wawa ba ne. Ya san sun yi wasa, sai dai bai san ainihin abin da ke ƙarƙashin wasan ba, kuma a birni an riga an ja masa kunne cewa in akwai ko ɗan shakka, a ɗauki na kwari mai arha. Ya ce a kai shi idon ruwan a dafa wake.

Can suka tarar da Salbiya ta riga ta hura wuta. Ba ta murza albasa ba. Tana hango su ta miƙe, ta ɗauki tukunyar tagullar nan mai nauyi, ta cika ta fal a idon ruwa, ta ɗora a ka, ta hauro gangaren a tsaye ƙyam ko ɗigo bai zuba ba. Obiyus yana ta yi mata tari, yana jan ƙafa don ta tuna. Ta dire tukunya a murhu, ta zaro ƙunshinsa daga ɗamara ta miƙa masa a gaban kowa.

"Ungo tsakuwarka, ka kai wa masu gini." Sannan ta kwance nata waken, na bana, ta zuba.

Ta juya ga Natalis ta buɗe baki ta nuna masa haƙoranta reras, ta gwale masa ido da yatsa. "Duba da kyau, ɗana. Na girmi uwarka. Ruwan nan na sha tun ina tsumma. Waɗannan da kake gani ƙalau suke, tsoro ne ke damunsu, kuma suna da gaskiya. In ka tafi da shi duka ka kashe mu. Amma ina da jika a birni, kuma ni da jakin nan mun kusa gajiya."

Kafin su gama magana waken ya fashe ya yi lugub. Natalis ya ci da man zaitun da gishiri, ya nemi ƙari. A nan take ya yi alkawarin za a gina wa ƙauye komin dutse a bakin idon, ya fara cika kafin ko ɗigo ya kama hanyar birni, rarar kuma ta bi lambuna. Ya cika alkawarin, sai dai gaskiya ruwan lambu ya ragu, kuma 'yan gonakin can ƙasa sun koma zaitun dole.

Ƙauye ya yi fushi da Salbiya fushi na gaske. Aka daina gaishe ta. Ranar bikin idanun ruwa, da kaka, lokacin da kowace mace ke jefa saƙar furanni a ruwa, sai matan suka matsa gefe suka bar ta ita kaɗai. Ya yi mata ciwo, ko da yake ba ta nuna ba. Obiyus ya daina tsokanarta, wannan ne ma ya fi damunta, don tun rasuwar mijinta faɗan da suke yi kullum shi ne hirarta.

Sai aiki ya fara, kuma ba aikin shekara ɗaya ba ne. Natalis ya zo da wani dogon teburin katako mai kwarmi a tsakiya, a zuba ruwa a kwarmin, ya tsuguna ya rufe ido ɗaya yana leƙe, yana ɗaga wa masu sanda hannu, a kafa turke, a ɗauki tebur a matsa gaba. Salbiya ta bi turakun da ido ta ga sun ba birni baya sun nufi bayan tsauni.

"Kai ɗana, ɓata ka yi? Ga birni can, hancina ma yana nuna shi."

"Iya, in na bi hancinki, ruwan zai gangara da gudu ya farfasa ginin. In na kwantar da shi da yawa ya tsaya ya ruɓe. Lallaɓa shi ake yi, ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan bai ma san yana sauka ba."

"Ashe Sanata ne na biyu."

"Shi ne sak, Iya."

Aka cika dutse da mutane: bayi, sojoji, masu sassaƙa, masu ƙona farar ƙasa. Aka haƙa doguwar kwata, aka gina ta da dutse, aka rufe samanta don kada rana ko dabba ta taɓa ruwan. Inda tsauni ya tare hanya, aka haƙa ramuka a jere kamar rijiyoyi, mutane suka shiga da fitilu suna huda daga wannan zuwa wancan. Duk waɗannan bakuna kuwa sai sun ci. Matan ƙauye suka fara sayar da fate da cuku da ɓaure, kuma tunda wake na Salbiya ne aka fi nema, dole a zo aron tukunya, dole a gaisa. A haka fushin ya narke, ba wanda ya ba wani haƙuri.

Da aka zo yaɓen cikin kwata, wanda ake haɗawa da farar ƙasa da dakakken tsingaro don kada ruwa ya tsiyaye, aka yi shelar ana neman fasassun tukwane. Salbiya ta kwashe duk na bayan ɗakinta, har da ragowar randar aurenta da ta daɗe tana ɓoyo. Ta tsaya a kai har aka daka, ta tambayi magini daidai inda za a shafa, don ta sani.

Duk wannan tana kan hanyarta ta ranar kasuwa. Hanyar ta bi ta babban kwari, inda ake ɗaga gadar da ruwa zai bi ta kanta. Ta ga an kafa ginshiƙai, ta ga an ɗaura bakan katako an jera duwatsu a kai, ta ga ƙaton gargaren nan da mutane ke tafiya a cikinsa yana ɗaga dutse sama. Ranar da aka zare katakon bakan farko ta rufe ido, ta buɗe ta ga dutse tsaye a iska yana riƙe da ɗan'uwansa. Kullum sai ta tsaya ta yi wa magina tsawa: "Ku yi sauri, 'yan nema! Ni kuke jira in mutu?" Su kuma su amsa daga sama, "Iya, sai mun ci wakenki na baɗi!"

Wasa take yi, amma ba wasa ba ne. Gwiwa ta fara ƙara. Tafiyar da take yi a tsaye ta koma ta sanda, hutu ɗaya ya zama huɗu. Sanata ya tsufa ya mutu, ta sayi wani ta sa masa sunan. Wata rana da sanyi ta zame a gangare, tulu ɗaya ya fashe, ta zauna a ƙasa ta kasa tashi. Obiyus ne ya tsince ta. Ya ɗora ta a jaki, ya mai da ita gida, ya ɗauki ɗayan tulun ya kai birni da kansa. Da ya dawo ya leƙo ta taga ya ce, "Yau wace ƙafa ce, matar yaya? Ko in nuna miki yadda ake yi?" Ta jefe shi da ludayi. Daga ranar suka koma faɗansu.

Takwara ta riga ta isa taya uwarta kwaɓa gari, ga ƙannenta biyu da su ma tulun ya raina, lokacin da aka ce aiki ya ƙare. Aka yanka farin rago, manya suka zo da fararen mayafansu, aka ɗaga ƙyauren dutsen da ya tare bakin kwata, ruwa ya shiga duhu ya tafi. Salbiya ta hau jaki ta bi shi. Ta isa kasuwar Belliyanum ta tarar da kiɗa da rawa, ruwa na zuba daga bakin zaki, mutane na watsa wa juna. Aka buɗa mata hanya. Ta tara hannu, ta kurɓa, ta riƙe a baki, sai ta tofar.

Ruwan fari-fari ne, da ɗaci-ɗacin farar ƙasa. Ta nemo Natalis a cikin taro, shi ma yanzu da furfurarsa, ta cafke masa riga.

"Me kuka yi masa? Wannan ba shi ba ne! Na ɓata da garinmu a kan wannan?"

"Iya, sabon yaɓe ne yake wankewa. Ba shi lokaci."

"Lokaci? Kai kana da shi, ni fa?"

Ta hana jikokinta sha. Ta ƙi komawa gida, ta aika wa Obiyus cewa ya ci gaba da kawo tulu, ya kuwa kawo yana mita. Kullum da safe ta tafi bakin zaki da sandarta, ta kurɓa, ta tofar, ta ɗebo ta dafa wake. Waken ya fito da tauri, Hilarus ya ci don kunya, yana taunawa yana yabo. Matan kasuwa suka saba da ita, da sun hango ta sai su ce, "Iya mai ɗanɗano, yau fa?" Ta ce, "Da saura."

Wata ya fito ya ɓace, wani ya fito. Ran nan ta kurɓa, ba ta tofar ba. Sanyin nan ne ya doki haƙorinta, na ƙarƙashin dutse, wanda ta sani tun kafin ta san sunanta. Ta ɗebo, ta ɗora tukunya, ta zauna a gaban murhu ta zuba mata ido. Tartula ta zo ta tsaya a bayanta. Da waken ya fara fashewa, tsohuwar ta ɗauko ƙwara ɗaya ta murza tsakanin yatsu, ta narke kamar man shanu.

"Ya iso," in ji ta. "Ya sha hanya ne, bawan alloli. Kira min takwara."

Ita ta ba yarinyar kofin farko da hannunta, sannan ƙannen, sannan ta dubi surukinta da ke raɓe a bakin ƙofa. "Kai ma zo ka sha, ka daɗe kana haɗiyar yawu. Kwaɓa gurasarka da shi ma in ka ga dama."

Washegari ta koma kan dutse, ta bar tulunan a tsakar gidan Tartula, aka cika su da ƙasa aka shuka ɗoɗɗoya. Ba ta ƙara sauka birni ba sai jefi-jefi. Ta yi sauran shekarunta a bakin Idon Akuya, tana korar yara daga wasa kusa da ƙyauren, tana faɗa da Obiyus, wanda a ƙarshen rayuwarsa sanyin ƙashi ya kama shi da gaske, a ƙafar hagu, kuma duk ƙauyen ba wanda ya yarda.

Kowace safiya sai ta dogara sanda ta je ta wanke fuska a komin dutse, ta sunkuya daidai inda ruwa ke shiga duhu, ta ce masa, "In ka isa ka gaishe su. Ka ce wa takwara ta rage rashin ji." Ranar da ba ta fito ba, maƙwabta ba su buƙaci a gaya musu ba. Bikin idanun ruwa na shekarar, matan ƙauye suka jefa furanninsu, sannan Obiyus ya jawo ƙafarsa ya zo ya jefa wata saƙa ta daban, wadda ya yi da hannunsa, a karkace, da furen wake.